Allurar ciwon suga mai rage ƙiba: in saya wa Mama ko in haƙura?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, masu sani su taimaka. Mahaifiyarmu shekararta tara tana fama da ciwon suga. Tana shan metformin da wata 'yar ƙwaya da safe, amma tun bayan babbar sallah duk awon da muka yi a gida sai ya haura 200. Ga ƙiba, ga ciwon gwiwa. A Anguwar Rogo muke, kun san hawan nan daga titi zuwa cikin unguwa, to yanzu sai ta tsaya sau uku tana dafa bango kafin ta kai ƙofar gida. Sallah ma a kan kujera take yi, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Yayanmu da ke Abuja ya ce akwai wata allura, Ozempic, sau ɗaya a mako, tana saukar da suga tana kuma rage jiki. Na tambaya a famasi, da aka faɗa min kuɗin sai da jikina ya yi sanyi. Sai ƙawata ta haɗa ni da wata mata mai sayarwa a Instagram a kan rabin kuɗin, ta ce za ta ba direba a tasha ya kawo min Jos gobe. Ban tura kuɗi ba tukuna. Allurar nan gaskiya ce? In saya?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Abu ɗaya nake roƙonki kafin kowa ya yi magana: kada ki tura kuɗin nan yau.

Baban Sadiq:
Allah ya sawwaƙe 'yata. Ni ban yarda da allurar nan ba ko kaɗan. Na ji an ce da dafin ƙadangare ake yin ta. Mutum na zaune lafiya a tsira masa dafi a ciki duk mako? Mu nan Filato Allah ya ba mu acca, ga zogale, ga shuwaka, ga garahuni. Iyayenmu da gwaten acca suka tsufa ba su san wani ciwon suga ba. Ki mayar da ita kan acca, ta bar lemon kwalba da farar shinkafa, ki ga ikon Allah.

Dakta:
Baba, maganar ƙadangare tana da asali, amma ba yadda aka kawo maka ita ba. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don in aka gane tushen abin sauran tambayoyin za su zo da sauƙi.

Tun da daɗewa likitoci suka lura da wani abu: in ka ba mutum suga ya sha, jikinsa yana fitar da insulin, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, fiye da in ka ɗura masa wannan sugan ta jijiya. Ke nan hanji ba bututu ne kawai ba, yana aika saƙo. A shekarun 1980 aka gano ɗaya daga cikin masu kai saƙon, wani sinadari da ake kira GLP-1, wanda bangon hanji ke saki da zarar abinci ya iso. Joel Habener da Svetlana Mojsov a Amurka da Jens Juul Holst a Denmak suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Sinadarin yana umartar fankiriyas, wata halitta da ke kwance a bayan tumbi, ta saki insulin, amma sai in suga ya hau. Yana sa tumbi ya rage saurin tura abinci gaba. Sannan yana zuwa ƙwaƙwalwa ya ce mata an ƙoshi. Ni da kai duk muna da shi, Allah ne ya halicce mu da shi.

Matsalarsa ɗaya: baya wuce kamar minti biyu a cikin jini, sai wani sinadarin ya datse shi. Ba ka yin magani da abin da zai ɓace kafin ka rufe kwalbar. To a 1992 wani likita a New York, John Eng, ya samu wani abu a yawun wani ƙadangare mai dafi da ke hamadar kudu maso yammacin Amurka, wanda ya yi kama da GLP-1 amma yana daɗewa sa'o'i. Aka kwaikwayi fasalinsa a ɗakin gwaji, aka fitar da Byetta a 2005, ana yin ta sau biyu a rana. Nan labarin ƙadangare ya tsaya. Ozempic kuwa, wadda kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya fitar a ƙarshen 2017, kwaikwayon na ɗan Adam ce. An ɗan sauya shi yadda ba za a datse shi da wuri ba, aka maƙala masa jelar kitse da ke riƙe wani furotin na cikin jini, shi ya sa take kai mako guda. Babu dafi a cikinta.

Acca kuma ina tare da kai, ta fi farar shinkafa da lemon kwalba nesa ba kusa ba. Amma Baba, ina ganin tsofaffi daga ƙauyukan da ba su san wani abinci sai acca ba, sun zo da gyambon ƙafa. Da can ma ana mutuwa da ciwon, sai dai ba a auna ba.

Malam na Gangare:
Dakta Allah ya ƙara basira. Tambayata biyu. Da me ake haɗa ta, don mu san hukuncinta? Sannan mai azumi fa?

Dakta:
Malam, da yis ake samar da asalin sinadarin, dangin wanda ake sa wa burodi, sai a ƙarasa gyara shi a masana'anta. Ba daga jikin wata dabba ake ciro shi ba. Hukuncin azumi naku ne malamai. Abin da zan ce ta fuskar lafiya, kada a fara ta a bakin watan Ramadan, don makonnin farko ne aka fi yin tashin zuciya da amai, ga ƙishirwa.

Malam na Gangare:
Madalla. Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai, allurar da ba ta tsayawa a madadin abinci ba ta karya azumi. Kuma tunda sau ɗaya ce a mako, mutum ya yi ta bayan shan ruwa ya fita daga saɓani.

Hajiya Gwarinpa:
Ummu Hanan, ni na yi allurar nan wata bakwai, bari in gaya miki abin da na gani da idona, ba labari ba. A Dilimi aka haife ni, aure ya kawo ni Abuja. Na kai kilo 108, ga suga ga hawan jini. Likitana ya fara min da mafi ƙanƙanta, 0.25, tsawon mako huɗu, sannan ya ƙara.

Abin da ban taɓa mantawa ba shi ne wata Juma'a a mako na uku. Na sa an yi masa da miyar taushe, abin da na fi so a duniya. Na zuba guda shida kamar kullum. Na ci biyu, na ɗauki ta uku, sai na tsaya ina kallonta a hannuna. Ba ciwo nake ji ba, kawai dai na ƙoshi. Wallahi sai da na yi hawaye, don tun ina budurwa ban san wannan yanayin ba. Ni dai na san cin abinci yana ƙarewa ne in kwano ya ƙare. Da dare kuma muryar nan da ke ce min akwai sauran shinkafa a firij, sai na neme ta na rasa.

Amma na sha wuya. Wata na farko ƙamshin suyar albasa ma tayar min da zuciya yake, ga gyatsa, bayan gida kuma sai in kwana uku. Na sauke kilo 11, suga ya daidaita, gwiwa ta yi sauƙi har na koma sujada a ƙasa. Da na zo Jos biki, wata gwaggona ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta ce in gaya mata gaskiya wace cuta ce take cin ni, ko kuwa mijina ne ya yi min kishiya. Kin san mu, in mace ta rame ba a kawo alheri.

Sai kuɗi suka gagara. Maigida ya yi ritaya, dala ta tashi, na daina. Cikin wata biyu yunwa ta dawo kamar an buɗe famfo. Yau shekara ɗaya da 'yan watanni, kilo 8 sun dawo. Ba na ce kada ki saya ba. Ina cewa ku zauna da 'yan uwanki ku lissafa kuɗin shekara, ba na wata ɗaya ba.

Abba Dilimi:
Da girmamawa Hajiya, amma ni gani nake duk wannan neman sauƙi ne. Mutum ya kama bakinsa, ya tashi da asuba ya taka. Ni kullum sai na zagaya daga Dilimi zuwa Farin Gada na dawo, ko teɓa ba ni da ita. Ƙiba ragwanci ne, ba cuta ba ce da za a ce sai allura.

Hajiya Gwarinpa:
Abba, shekarunka nawa? Na haifi bakwai. Na yi azumin Litinin da Alhamis shekara da shekaru, na bar tuwon dare, na sha ruwan zafi da lemon tsami har haƙorina ya mutu. Duk wanda ya gan ni sai ya ba ni shawara kamar ban taɓa jin ta ba. Kalmar ragwanci ta yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba.

Dakta:
Abba ƙanena, tafiyar da kake yi abu ne mai kyau, kada ka bari. Amma binciken nan shi ne ya rushe maganarka. In da ƙiba halin mutum ce kawai, da allura ba za ta canza ta ba, don allura ba ta gyara hali. Abin da ta gyara wa Hajiya shi ne saƙon da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. In mutum ya rage nauyi da ƙarfin hali, jiki yakan ɗauka fari aka shiga, sai ya ƙara yunwa ya rage ƙona abin da aka ci. Da wannan Hajiya take kokawa shekara talatin.

Ga alƙaluma. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, mutum 1,961, dukkansu an ba su shawarar abinci da motsa jiki. Bayan mako 68, waɗanda aka yi wa allurar gaske sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa wadda babu magani a ciki kashi 2 da ɗan wani abu. Da aka bi sawun wasunsu shekara guda bayan an daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Daidai da labarin Hajiya. Kamar maganin hawan jini take, in ka ajiye ciwon ya taso.

Ummu Hanan, ki lura da abu biyu. Wancan gwajin da babban awo aka yi shi, 2.4, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy, kuma mutanen ba su da ciwon suga. Masu ciwon suga ba su kai haka ba, sun tsaya wajen kashi 10. Don haka kada Mama ta sa rai da hotunan da ake yaɗawa.

Abba Dilimi:
Hajiya ki yafe min, ban faɗa don in ɓata miki ba.

Hajiya Gwarinpa:
Ya wuce ɗana.

Anti Nas:
Ni abin da ke ƙona min rai daban ne. Shekara goma sha ina ganin 'yan mata ana kawo su fuska a kumbure kamar an hura, an ɗirka musu sha-ka-fashe kafin biki don kada dangin miji su ce ba a ƙoshi a gidansu. Yawancin abin da ke ciki dexamethasone ne, kuma shi da kansa yana tayar da suga da hawan jini. Yanzu kuma iska ta juya, wasu 'yan matan da ba su kai kilo 70 ba suna neman wannan allura don su shiga rigar dina. Jiya mun kumbura su, yau za mu tsotse su. Kuma ba mai gaya wa amarya cewa ba a ɗaukar ciki a kanta, sai an daina da wata biyu. Mai sayarwa a waya ba za ta tambaye ki ko kina da ciki ba, lambar akawu kawai za ta turo.

Baban Sadiq:
To Dakta na ji, na janye maganar dafi. Amma ka ba ni amsar wannan. Maganin da in ka fara ba ka dainawa, kuma kuɗinsa na wata ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, don wa aka yi shi? Ni ɗan fansho ne. Wannan ai kamar a nuna wa mai jin ƙishi rijiya ne a hana shi guga. Kuma a kan jikin wa aka gwada? Mu masu cin tuwo da man ja an tambaye mu?

Dakta:
A nan Baba ba ni da ja. Wancan gwajin na 2021, kusan uku cikin huɗu na mutanen fararen fata ne. Maganar kuɗi ta fi ciwo. A 2024 wasu masu bincike, ciki har da na jami'ar Yale da ƙungiyar likitoci ta MSF, sun ƙiyasta cewa za a iya haɗa allurar wata guda a kan ƙasa da dala 5, a lokacin da farashinta a Amurka ya haura dala 900. Kamfanoni na cewa kuɗin bincike suke mayarwa, kuma gaskiya an kashe dukiya, amma tazarar ta yi yawa.

Abin da ya sa ba na iya cewa a manta da ita shi ne ba rama kaɗai take sawa ba. A 2023 an kammala gwaji a kan mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya, aka samu raguwar kashi 20 cikin 100 na bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta wannan hanya. A 2024 wani gwajin a kan masu ciwon suga da ƙodarsu ta fara taɓuwa ya nuna raguwar kashi 24 na munanan matsalolin ƙoda. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda, ya ga an sayar da fili an sayar da mota, ya san nauyin wannan adadi. Masu buƙatarta da gaske su ne irin Mama, kuma su ne ba sa iya saya.

Hasken da nake hangowa: a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin magungunan da ta ce wajibi ne a samar, don masu ciwon suga da ke da ƙiba da matsalar zuciya ko ƙoda. Haƙƙin mallakar sinadarin Ozempic kuma wa'adinsa 2026 ne a Indiya, Sin, Birazil da Kanada, kuma Baba ka san da yawa daga abin da ke kan kantar famasinmu daga Indiya yake. Ga kishiya ma ta fito: Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly, tun 2022, tana kwaikwayon sinadaran hanji biyu a lokaci guda, a gwajinta an sauke har kusan kashi 21. Ana kan gwada mai kwaikwayon uku. In masu sayarwa suka yi yawa, farashi ba ya zama inda yake.

Baban Sadiq:
Allah ya nuna mana. Mu dai mun ga yadda maganin ƙanjamau ya yi shekaru yana ceton rayukan Turawa kafin ya iso nan, mun binne mutane da yawa muna jira.

Mai Famasi:
Yanzu na rufe shago na ga muhawarar. Ummu Hanan, ki ce wa matar ta turo miki bidiyo, ta cire murfin biron, wato abin da allurar ke zuwa a ciki mai kama da biro, ta murɗa gindinsa a gaban kyamara, ki ga abin da ke fitowa a 'yar tagar. Ki kuma tambaye ta a cikin me za ta sa shi a motar. Maganin nan a firij yake zama, tsakanin awo 2 zuwa 8, har sai an fara amfani da shi. Daga Abuja zuwa Jos ta Akwanga, a but ɗin mota, cikin rana, awa huɗu ko biyar, ko na gaske ne ina jin tsoronsa.

Ummu Hanan:
Ta turo. Kwalin ya yi kyau sosai, an rubuta Ozempic. Da ta murɗa, lambobi ne ke tafiya, 2, 4, 6, 8, har ta kai 80. Ta ce Mama ta fara da 20. Jigila kuma ta ce a leda za ta naɗe, wai ai Jos akwai sanyi.

Mai Famasi:
Innalillahi. 'Yar uwa, wannan ba Ozempic ba ne. Na gaske ba ya ƙirga har 80, awonsa ake gani a tagar, 0.25 ko 0.5 ko 1. Biron da ke ƙirga har 80 biron insulin ne aka ɓare takardarsa aka manna wata. An yi irin wannan a Ostiriya a 2023, mutane suka kwanta asibiti suga ya faɗi warwas har da farfaɗiya, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka. Ki yi tunani: tsohuwa mai shan ƙwayar suga da safe, a ƙara mata insulin 20 ba da sanin likita ba, ta kwanta barci. Ki adana bidiyon da lambar wayar, ki kai wa ofishin NAFDAC, don ba ke kaɗai ta tallata wa ba.

Ummu Hanan:
Hannuna rawa yake yi. Na riga na rubuta lambar akawun a takarda tun da safe.

Anti Nas:
Alhamdulillah da kika tambaya. Ki gaya wa ƙawar taki ma, in ta saya kada ta yi.

Dakta:
Ummu Hanan, ki kai Mama asibitin masu ciwon suga, ki tafi da duk kwalayen magungunanta a leda. Ki roƙi gwajin suga na wata uku, gwajin ƙoda, kuma a duba bayan idonta, don in suga ya riga ya taɓa ido, saukar da shi da gaggawa yana iya tsananta abin a farko. Ki gaya wa likita in ta taɓa ciwon fankiriyas, ko tsakuwa a madaciya, ko akwai mai kansar tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, a dangi. 'Yar ƙwayar safen nan, in glibenclamide ce, dole a sake duba awonta in za a haɗa da allura. Kuma a shekarunta ba kitse kaɗai ke tafiya ba, tsoka ma tana bi, don haka wake, ƙwai, kifi da ɗan tattaki ba a wasa da su.

Ummu Hanan:
Jama'a na dawo, yau kwana tara. Mun je. Gwajin wata uku ya nuna 9.8, wato suga ya yi sama sosai, ƙoda ta ɗan fara nuna alama, ido lafiya lau alhamdulillah. Likita ya ce Mama tana cikin waɗanda allurar za ta amfana, amma ya tambaye mu irin tambayar Hajiya: za ku iya shekara? Kafin nan ya canza mata ƙwayar safe ya ƙara wata. Baba, acca ta shigo gida, ita da kanta take tsince ta a tire. Mu shida ne, ranar Lahadi za mu zauna, Yaya zai zo daga Abuja, kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata ba kunya. Mai Famasi, in mun amince, unguwarmu sai a kwana biyu babu wuta. Yaya zan yi da ajiya?

Mai Famasi:
Ki riƙa sayen ɗaya-ɗaya, ki bar famasi mai sola ta ajiye miki har ranar da za a fara. In an fara amfani da biro yana kai kwana 56 a wajen firij muddin zafi bai wuce awo 30 ba, kuma ɗakin Jos ba kasafai yake kai haka ba sai wajen Maris da Afrilu. Ki sa shi a durowa nesa da taga da kicin. In za ki ɗauko a kula, ki naɗe ƙanƙarar da tawul kada ta taɓa shi, don in ya daskare ya lalace. Ranar farko ki zo da Mama in nuna miki yadda ake ɗaura allurar.